Ido Ba Mudu Ba Ne: Awon Iskar Huhun Jariri Mai Numfashi da Inji

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan zance ya tabbata a kasuwar hatsi, inda ma'auni wanda ya daɗe a bakin sana'a zai dubi tarin gero ya faɗi tiyoyin da ke cikinsa, in aka auna kuwa a tarar bai yi nisa da gaskiya ba. To, amma akwai wurin da ido ba ya sanin ko da kimar, shi ne cikin ƙirjin jariri bakwaini wanda aka sa a kwalba, aka zura masa bututu a maƙogwaro, inji yana hura masa iska saboda ya kasa yin numfashi da kansa. Ƙirjin nan bai fi tafin hannun babban mutum faɗi ba, iskar da ke cikinsa kuwa ba ta wuce cikin 'yan cokula ba. Duk da haka, a kan waɗannan 'yan cokula rayuwar yaron ta ke rataye, da lafiyar huhunsa har ya girma.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu dalilin da ya sa likitocin jarirai suka shafe fiye da shekara hamsin suna neman mudun da za su auna wannan iska da shi, da irin dabarun da suka ɓullo da su. Abin da za a gani shi ne, iskar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ke zaune cikin huhu ba ta fita, ita ce kuma ta fi wuyar aunawa.

Iska Iri Biyu

Duk wanda ya fitar da numfashi yakan ɗauka huhunsa ya zama fanko, alhali kuwa ba haka ba ne. Babban mutum mai lafiya, in yana zaune a natse, yakan shaƙi kimanin rabin lita a kowane numfashi, ya fitar da kwatankwacinta. Wannan ita ce za a kira iskar kai-komo. Bayan ya fitar da ita, akwai wajen lita biyu da rabi zuwa uku da ke saura a ciki, wadda za a kira iskar ajiya. In aka kwatanta huhu da ɗan tireda, iskar kai-komo ita ce cinikin yini, iskar ajiya kuwa ita ce uwar kuɗi. Ɗan tiredan da ya cinye uwar kuɗinsa, kome yawan masu tsayawa a gaban teburinsa, ya riga ya karye.

Amfanin iskar ajiya biyu ne. Na farko, jini ba ya tsayawa ya jira a shaƙi numfashi, ratsa huhu ya ke yi dare da rana, saboda haka dole ya tarar da iska a kowane lokaci domin ya ɗebi oksijin, ya sauke gurɓatacciyar iskar da ya kwaso daga sassan jiki. Na biyu, huhu ba buhu ɗaya ba ne, miliyoyin 'yan jakunkuna ne ƙanana ainun masu laima a cikinsu. Duk yaron da ya taɓa hura balan-balan ya san hurin farko shi ne mai wuya, da zarar ta ɗan tashi sauran mai sauƙi ne. Iskar ajiya ita ke hana jakunkunan nan lotsewa su manne, domin kada kowane numfashi ya zama hurin farko.

Lafiyayyen jariri wanda ya cika watanninsa yana da iskar ajiya kimanin mililita 25 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinsa. Iskar kai-komo kuwa, wadda a ke so inji ya riƙa ba jariri, mililita 4 zuwa 6 ce a kan kowane kilo. Watau ke nan bakwaini mai nauyin kilo ɗaya, numfashinsa guda cikin cokalin shayi ɗaya ne, ajiyarsa kuma in ta cika ba ta wuce cokali biyar ko shida ba. Kuskuren rabin cokali, wanda mai shayi ba zai ko lura da shi ba, a nan rabin numfashi ne.

Nishin Jariri

A cikin mahaifa huhun ɗan tayi cike ya ke da ruwa. Numfashin farko-farko bayan haihuwa shi ke korar ruwan ya kafa iskar ajiya, kukan nan kuwa da ungozoma ke jira yana taimakawa, domin mai kuka yana fitar da iska ne ta ƙuntatacciyar ƙofa, matsin da ke taruwa a baya ya ƙara buɗe huhu. Abin da ke sa jakunkunan su zauna a buɗe bayan haka wani maiƙo ne da huhu ke yi da kansa, ana kiransa safaktan, wanda ke rage ɗankon laimar da ke cikinsu. Huhu ba ya wadata da shi sai ciki ya kai wajen mako 34 ko 35. A shekarar 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead, a Jami'ar Habad ta Amurka, suka nuna cewa rashin wannan maiƙo shi ne tushen ciwon sarƙewar numfashi da ke kashe bakwaini. Shekara huɗu bayan haka, a watan Agusta na 1963, ciwon ya kashe Patrick, ɗan shugaban Amurka John Kennedy, a birnin Bostan, kwana biyu da haihuwarsa, nauyinsa kuwa ya ɗan haura kilo biyu. Mutuwar ta jawo hankalin duniya ga ciwon da ba ya duba gidan da yaro ya fito.

Jaririn da ke fama da wannan ciwo yakan yi wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi. Ɗaliban ilimin furuci sun san tantanin maƙwallato, wanda ke rufewa ya datse zirin iskar huhu wajen furta hamza. Da wannan tantani ne jaririn ke nishi: yana tsuke shi ne lokacin fitar da numfashi, domin kada iskar ta zurare duka. Watau yaron da bai yi awa guda a duniya ba yana tsaron uwar kuɗinsa da abin da ya ke da shi. A 1968 wasu likitoci uku a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, Harrison da Heese da Klein, suka lura cewa in aka zura wa irin wannan jariri bututu, oksijin ɗin jininsa yakan faɗi, in aka cire kuwa ya koma nishinsa sai ya farfaɗo. Dalili shi ne bututun yana ratsa tantanin ne, ya bar ƙofar a wangale.

Nan ne wuyar al'amarin ta ke. Bututun da aka sa don ceto shi ne ke ƙwace wa jariri makamin da ya ke kare kansa da shi, saboda haka wajibi ne inji ya mayar masa da abin da aka karɓe. A 1971 George Gregory da abokan aikinsa a San Faransisko suka ba da rahoton jarirai 20 da aka riƙe wa ɗan matsin iska a hanyar numfashi ba yankewa, 16 daga cikinsu suka rayu. Tun daga wannan lokaci injin numfashi ba ya barin matsi ya sauka ƙasa ƙwaf a ƙarshen numfashi, yakan bar saura, galibi daidai da nauyin ruwa mai tsawon santimita 5 ko 6. Daga baya, a 1980, Tetsuro Fujiwara na Japan ya ɗura wa jarirai 10 safaktan da aka tato daga huhun shanu, aka ga amfaninsa a fili.

Rami Biyu

Da aka sami inji sai wata tambaya ta taso: iska nawa ce ta isa? Likita yana tafiya ne a kan siririyar hanya, da rami a dama da rami a hagu. In ajiya ta yi kaɗan, jakunkuna sukan rufe a kowace fitarwa, inji ya ɓamɓare su da ƙarfi a kowace shigarwa, sau arba'in zuwa sittin a minti, har bangonsu ya ƙuje ya yi rauni. In kuwa iska ta yi yawa, bangon yakan miƙe fiye da kima ya tsage, wani lokaci iska ta fashe ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari ta danne huhun. Daɗin daɗawa, kumburarren huhu yana tauye jinin da ke komawa zuciya, yawan hurawa kuma yana wanke iskar kabon daga jini fiye da yadda ya kamata, abin da ke tsuke jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa.

Ramin yawa shi aka fara faɗawa. A 1967 William Northway, likitan hoton ƙirji a Jami'ar Sitanfod, ya bayyana wani sabon ciwon huhu mai daɗewa a jikin jariran da inji da yawan oksijin suka ceta daga mutuwa. Sun rayu, amma da tabo a huhu. Shekaru da dama ana ɗora laifin a kan ƙarfin matsin inji, sai a 1988 Didier Dreyfuss da abokan aikinsa a Faris suka yi wani gwaji da ɓeraye wanda ya juya tunanin. Sun hura wa wasu iska da matsi mai ƙarfi, ƙirjinsu a sake, sai huhunsu ya lalace. Wasu kuma aka ɗaure masu ƙirji da ciki tamau don kada huhu ya sami wurin kumbura, aka hura masu da wannan matsi ɗin dai, sai huhunsu ya tsira. Ashe ɓarnar daga miƙewa ta ke zuwa, watau daga yawan iskar da ta shiga. A 1997 kuma Björklund da abokan aikinsa a ƙasar Suwidin suka nuna cewa manyan hurawa shida kacal, in aka yi wa ɗan tunkiya bakwaini da zarar an haife shi, sun isa su ɓata huhunsa har safaktan ɗin da aka ba shi daga baya ya kasa yin cikakken aiki.

Darasin da ke cikin wannan yana da nauyi. Injunan farko matsi su ke nunawa, alhali abin da ke cutarwa yawa ne. Matsi ɗaya kuwa ba ya ba da yawa ɗaya, domin huhun da ya yi tauri da safe yana iya yin laushi cikin 'yan mintuna bayan an ɗura masa safaktan, matsin da ɗazu ya ke shigar da cokali ɗaya ya koma shigar da biyu, ba tare da kowa ya taɓa injin ba.

Dabarun Awo

Iskar kai-komo ita ce mai sauƙin aunawa, tun da yake tana wucewa ta ƙofa. Amma ko ita sai da dabara. In aka auna ta daga cikin injin za a yi kuskure babba, saboda mesar da ke tsakanin inji da jariri tana kumbura ta shanye rabo mai yawa na abin da aka tura. Don haka a ke ɗaura ɗan ma'auni a bakin bututun kansa. Wani irinsa siririyar waya ce da a ke ɗumamawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga yawan sanyin a gane yawan iskar. Matsalarsa biyu. Shi kansa ma'aunin yana da ɗan ciki na kusan mililita ɗaya, inda tsohuwar iska ke maƙalewa jariri ya sake shaƙarta. Sa'an nan bututun jarirai, wanda faɗin raminsa milimita 2.5 zuwa 3.5 ne, galibi ba ya toshe maƙogwaro ruf, saboda haka iska tana yoyo ta gefensa. Duk da haka awon ya yi amfani ƙwarai. Injunan zamani suna auna kowane numfashi su daidaita matsin na gaba da kansu, kuma da aka tattara sakamakon gwaje-gwaje 20 a 2017 an ga cewa wannan hanya ta rage yawan jariran da ke mutuwa ko kamuwa da ciwon nan da Northway ya bayyana.

Iskar ajiya kuwa ba ta zuwa bakin ƙofa balle a tare ta. Yaya za a auna abin da ke cikin randar da ba a iya leƙawa, ba a kuma iya juyewa? Amsa ta farko ita ce ta tsarma. In aka zuba sanannen awo na shuni cikin randar aka motsa, sa'an nan aka ɗebo kaɗan aka duba, gwargwadon yadda launin ya kore gwargwadon yawan ruwan da ke ciki. Humphry Davy na Ingila ya yi wa kansa irin wannan awo tun wajen 1800, da iskar haidirojin. A yau hiliyam a ke amfani da ita, domin ba ta kama wuta, jini kuma ba ya shanta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Alal misali, a haɗa jariri da jaka mai ɗauke da iska mililita 100, wadda kashi 10 cikin ɗari nata hiliyam ce. In bayan an gauraya hiliyam ta koma kashi 8 cikin ɗari, to, ta bazu ke nan cikin mililita 125. A cire 100 na jaka, saura 25, ita ce ajiyar huhun. Lissafin yana da kyau a takarda, amma in randa tana yoyo shuni zai zurare, a ɗauka ruwa ne ya yi yawa. Yoyon bututu haka ya ke yi wa wannan awo.

Amsa ta biyu ita ce ta wanki. Kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar duniya naitirojin ce. In aka ba mutum iskar da babu naitirojin a cikinta, kowane numfashi zai fito da wani rabo na wadda ke huhunsa har ta ƙare. In jimillar abin da ya fito mililita 20 ce, ajiyar ta kama 25 ke nan. Sai dai iskar wankin da aka saba da ita oksijin ce tsagwaronta, ita kuwa haɗari ce ga bakwaini. Tun farkon shekarun 1950 aka gano cewa yawan oksijin ya makantar da dubban jarirai, garin neman gira aka rasa ido. Saboda haka masu bincike suka koma sa wata iska kaɗan wadda ba ta shiga jini, su wanke ta suna ƙirgawa. Hanyoyin nan biyu kuma suna da aibi guda: iskar da ke da hanyar fita kaɗai su ke gani, wadda ta maƙale bayan toshiya ba ta shiga lissafi. Akwai akwatin da a ke rufe mutum ciki a auna dukan iskar ƙirjinsa, amma wa zai rufe jaririn da ke tsakanin rai da mutuwa cikin akwati, ya kuma toshe masa numfashi ko da na daƙiƙa ɗaya ne?

Amsa ta uku ita ce leƙe daga waje. Likitoci sun daɗe suna ƙirga awazu a hoton ƙirji, in huhu ya sauko daidai ta takwas ko ta tara a ce ya cika daidai, amma wannan kirdado ne, hoton kuma na ƙiftawar ido guda ne. A farkon shekarun 1980 Barber da Brown a birnin Shafil na Ingila suka ɓullo da wata dabara: a ɗaura wa ƙirji ɗamara mai bakunan waya kewaye da ita, a riƙa aika ɗan lantarkin da jiki ba ya ji daga wannan baki zuwa wancan. Iska tana tare lantarki, ruwa da jini suna ba shi hanya, saboda haka kwamfuta tana iya zana hoton inda iska ke shiga, sau da yawa a daƙiƙa guda. Da ita a ke ganin ɓangaren da ya rufe da wanda ya kumbura, a kuma ga abin da ke faruwa in an juya jariri ko an ƙara matsi. Iyakarta ita ce ƙaruwa da raguwa ta ke nunawa, ba ta faɗin jimillar mililita.

A Bakin Kwalba

Wannan ya sa hanyoyin tsarma da wanki suka tsaya galibi a hannun masu bincike. Likitan da ke tsaye a bakin kwalba yakan tambayi jikin jariri ne a kaikaice. Wata hanya da likitocin Amstadam ta ƙasar Holan suka bayyana a 2006 ita ce a riƙa ƙara matsi kaɗan-kaɗan ana duba oksijin ɗin jini. Muddin jakunkuna na buɗewa, buƙatar ƙarin oksijin tana raguwa. In ta daina raguwa, huhu ya buɗe ke nan, sai a riƙa saukowa har a ga alamar rufewa, a sake buɗewa, a tsaya kaɗan sama da inda ya rufe. Hikimar ita ce ta balan-balan ɗin nan: ƙarfin da ke buɗewa ya fi ƙarfin da ke riƙewa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen asibitocin Turai ne kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a 2020, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Asibitoci da dama ba su da injin numfashi na jarirai, amma ana aiki da dabarar Gregory a sauƙaƙe: a sa wa jariri siririyar mesa a hanci, a tsoma ƙarshenta cikin kwalbar ruwa, zurfin tsomawar shi ne matsin, santimita 5 na ruwa matsi 5. Haka kuma jakar da a ke matsawa da hannu don farfaɗo da jariri a ɗakin haihuwa tana ɗaukar wajen mililita 240, alhali bakwaini mai kilo ɗaya 5 ya ke buƙata. Hannun da tsoro ya sa ya matsa da ƙarfi yana iya maimaita abin da aka yi wa 'ya'yan tumakin Suwidin. Shi ya sa a ke koya wa ungozoma da nas cewa ɗagawar ƙirji kaɗan ta isa.

Kammalawa

A taƙaice, tarihin wannan awo ya nuna cewa kyakkyawar niyya ba ta wadatar ba. Waɗanda suka cika wa jarirai oksijin da waɗanda suka cika masu iska, duk ceto suka nufa, abin da suka rasa mudu ne. An sami mudun iskar kai-komo, an kuma ga ribarsa a yawan yaran da suka tsira da huhunsu lafiya. Mudun iskar ajiya, wanda zai faɗi adadi a kowane lokaci ba tare da ya dami jariri ba, shi ne har yanzu bai shiga hannun kowane likita ba. Kafin ya shiga, aikin yana wuyan mai jinyar da ke ƙirga numfashi a minti, tana duban lotsawar haƙarƙari da buɗewar hanci, tana kuma sauraron nishin nan, wanda yanzu aka san ma'anarsa: jariri ne ke cewa ajiyarsa tana zurarewa.